Ƙafar Inna

Talata, bayan La'asar

Yau na gane dalilin lallen.

Tun da Inna ta baro gidanta na unguwar Hubbare ta dawo nan Arkilla don ta taya ni zaman takabar maigidana, Malam, ba ta rabu da ƙunshi a ƙafa ba. Wani bai gama koɗewa ba ta ɗaura wani, har ƙafar ta yi baƙi. Masu zuwa gaisuwa suna kallo. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta a bakin ƙofa, gidan rasuwa da lalle. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, amma uwa ce, na ƙyale ta.

Da safe ina shara, tsintsiya ta taɓa mata ɗan yatsa, sai ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na durƙusa na kama ƙafar. A wannan zafin da ko bango ba ya taɓuwa, ƙafar Inna ta dama sanyi kamar gindin randa. A jikin ƙaramin yatsa akwai ciwo, har ya fara wari.

Maƙwabciyata Dorcas, Maman Habila, ita ta tare mana keke muka tafi asibiti. Fitata ta farko ke nan tun rasuwar. Likitar mace ce, Dakta Zahra'u. Ta sa auduga ta goge, ta sake gogewa, ta ce wani baƙin na lalle ne, wani kuma ba na lalle ba ne. Ta tambayi Inna tun yaushe zugin yake hana ta barci. Inna ta kalli bango ta ce tun kafin a yi rasuwa. Wai an gaya mata lalle yana kwantar da zugin ƙafa, shi ya sa.

Na ce, Inna, don me ba ki faɗa ba?

Ta ce, "Da wanne za ki ji?"

Alhamis, da hantsi

Mun koma an yi hoto. Kafin hoton, Dakta ta ɗora wata 'yar na'ura a kan ƙafar hagu, muka ji tana shuu, shuu, a hankali. Ta ɗora a ta dama, shiru. Ta matsa sama, ta matsa ƙasa, shiru. Sai can wajen gwiwa muka ji kaɗan.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da gaggawa ba, Allah ya saka mata. Ta ce na san farin abin nan da ke kamawa a cikin butar dafa ruwa, har ya yi tauri sai an kankare? Na ce na sani. Ta ce irinsa ne ya kama jijiyoyin jinin Inna daga gwiwa zuwa ƙasa, saboda shekaru da ciwon suga. Hanyar ta tsuke, bangonta ya zama kamar dutse, jini ba ya isa yatsu. Naman da jini bai isa gare shi ba mutuwa yake yi. Ta nuna mini a hoton. Jijiyar fara fat kamar ƙashi.

Ta ce akan zura ɗan balan-balan a buɗe hanya, amma ta Inna ta yi taurin da ba zai iya ba. Akwai wani irin da ke fara tsattsaga dutsen kafin ya buɗe, su ba su da shi, sai wani asibiti a Abuja inda ta san likitan. In ba haka ba, a yanke daga ƙasan gwiwa.

Inna ta tambaye ni a keke me aka ce. Na ce an ce akwai magani.

Juma'a, da yamma

Ashe zugin ne ya sa take kwana a zaune, ƙafa a rataye a bakin gado. Ni ina cewa tasbihi take yi.

Asabar, bayan Azahar

Yaya Jelani ya zo, na gaya masa komai a tsakar gida. Bai tsaya dogon tunani ba, ya ce Abuja za a je, dangi za su haɗa hannu. Sai muka shiga wajen Inna.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaya wa zai yi mata wanka a can, wa zai kai ta bayi. Yaya ya sunkuyar da kai. Matarsa Wasila tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Mu biyu ne kawai a wajen Inna, shi da ni. Na ce ni zan je.

Ta juyo ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce mai takaba ba ta kwana wani wuri sai ɗakin mijinta. A bari in fita tukuna, sai mu tafi tare.

Yaya ya ce saura fa kusan wata biyu.

Ta ce, "Wagga ƙahwa shekara nawa tana ɗauke da ni? Ta iya jiran wata biyu."

Lahadi, bayan La'asar

Malam Sa'ad, wan Malam, ya zo da kansa. Yaya ne ya kai masa maganar. Ya zauna a kan tabarma daga bakin ƙofa ya yi wa Inna bayani da ladabi. Ya ce lalura ce, in babu wata mace da za ta kula da ita, ba laifi in tafi in dawo in ƙarasa kwanakina. Ya ce shi ne babba a gidansu, kuma ba wanda zai ce uffan.

Inna ta yi ta godiya, tana Allah ya ƙara sani. Yana fita ta ce ba ta zuwa. Ta ce Malam bai taɓa rage mini komai ba yana raye, ba za ta zama dalilin da zan rage masa nasa ba. Ta ce in ta sa na baro ɗakin nan, da wane ido za ta dube shi ran gobe.

Ni ma ɗakin nan ban san yadda zan juya masa baya ba. Hularsa tana nan a ƙusa inda ya rataye ta.

Amma Allah bai ba mu haihuwa ba. In ba Inna, wa ya rage mini a gidan nan?

Litinin, da safe

Yatsa na biyu ya fara canza launi.

Litinin, da yamma

Mun je wankin ciwo. Na tambayi Dakta a gefe ko ƙafar za ta kai wata biyu. Ta girgiza kai. Ta ce ko mako biyu ba ta yi mini alkawari ba.

Talata, bayan Azahar

Maman Habila ta kawo gwaten acca. Tun da ta ji maganar suga kullum sai ta kawo, ta ce a garinsu can Filato shi ake ba masu ciwon. Inna tana kiransa abincin tsuntsaye, tana kuma cinyewa tas. Ita kuma Inna Malamar Boko take ce mata, saboda tana koyarwa a firamare.

Tana zaune ta ji ni da Yaya muna maganar a waya. Da na gama ta ce ai makaranta na hutu, ita za ta je. Ta ce ta yi jinyar uwarta shekara biyu kafin ta rasu, wanka da juyi da komai, bayan tsohuwa kuwa duk iri ɗaya ne. Inna ta ce ina ita ina sanin tsarki da alwala. Maman Habila ta ce shekara ashirin da wani abu tana Sakkwato, tana ganin alwala ta kan katanga safe da yamma, in an yi jarrabawa za ta ci. Inna ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta gidan nan. Amma ta ce a'a. Ba ta buɗe jikinta ga ɗiyar mutane.

Na raka Maman Habila ƙofa. Ta ce in bar ta da tsohuwar.

Laraba, da yamma

Yaya ya zo da Malam Sa'ad suna shawara ko da Inna za ta sauko. Yaya ya ce ya yi magana da wani direba mai mota mai kyau, in an fita da asuba ta hanyar...

Ban san lokacin da kofin da ke hannuna ya faɗi ba. Na shiga ɗaki na rufe.

Ba wanda ya biyo ni, ba wanda ya tambaye ni. Can na ji muryar Malam Sa'ad daga bayan ƙofa yana cewa, Kulu, ba mota, jirgi za su hau, na ɗauki wannan. Ai ƙanensa ne. Shi ya je ya taho da gawarsa ranar haɗarin motar.

Allah ya biya shi da Aljanna.

Alhamis, bayan La'asar

Dole in rubuta wannan kafin in manta yadda aka yi.

Maman Habila ta shigo da kwanon acca, na gaya mata batun jirgi. Sai ta ajiye kwanon ta ce to ita ta janye. Ta ce ba ta taɓa hawa ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba. Abin da ba ya tsayawa a hanya mutum ya sauka ya sha iska, ita ba ruwanta da shi. Ta ce gara ma da Inna ta ƙi.

Inna ta ɗago daga matashi. Ta ce duk bokon nan ashe na banza ne. Ita da ko aji ɗaya ba ta shiga ba ta hau har Makka ta dawo, ta ci abinci a ciki, ta yi barci.

Maman Habila ta ce wannan da ne, lokacin da ƙarfinki. Yanzu ke ma tsoro kike ji, shi ya sa kike fakewa da Kulu.

Ba a yi wa Inna irin wannan magana. Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce mini, "Kira wancan." Yaya take nufi, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Ki ce mishi ya yanki tikiti ukku. Ni ka kai ta, ta ga duniya."

Da na raka Maman Habila na tambaye ta ko da gaske take tsoron. Ta ce in tambayi Baban Habila, ko gada ba ta so a bi da ita.

Asabar, da hantsi

Sun tafi. Na tsaya a bakin ƙofa har motar da za ta kai su filin jirgi ta sha kwana. Na roƙe su abu ɗaya, kada su kira ni. Su turo saƙon murya in saurara da kaina. Ƙarar wayar nan ba na son ta.

Asabar, bayan La'asar

Sun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Yaya ya ce Maman Habila ta riƙe hannun Inna tun daga tashi har sauka tana kiran Yesu, Inna tana ce mata buɗe idonki ki ga gajimare.

Litinin, da safe

Gidan ya yi girma. Baban Habila yakan ajiye mini jarkar ruwa a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya tafi, ba ya jira in fito. Wasila ta aiko da fura, ita da ke jego. Mutane suna da kirki. Ina ta faɗa wa kaina haka.

An ɗaga aikin. Sugan ya hau, kuma suna son su duba ƙoda tukuna.

Talata

Ba labari.

Laraba, da yamma

Mai mangwaro ya wuce yana talla. Warhaka da Malam ya shigo mini da leda cike, yana cewa in zaɓi nawa kafin a cinye. Na rufe taga.

Na saurari saƙon Inna sau da yawa. Ba ta san inda ake dannawa ba, rabinsa faɗa take da Maman Habila a kan ruwan wanka ya yi zafi. A ƙarshe ta ce in ci abinci.

Alhamis, bayan Azahar

Ina kan sallaya wayar ta yi ƙara.

Na zauna ina kallonta. Ta katse, ta sake. Ranar da aka kira ni da labarin Malam ma rana tsaka ne, ina tankaɗe.

A na uku na ɗauka. Maman Habila ce, tana haki. Ta ce, "Kulu, yi haƙuri, na manta. Ƙafar ta yi ɗumi. Hannuna yana kai yanzu haka. Ɗumi, Kulu."

Ban san me na ce ba. Ina jin ta tana ce wa wani a can, ku bar ta ta yi kukanta.

Alhamis, bayan La'asar

Yanzu na samu natsuwa na saurari bayanin Yaya. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi mata a gindin cinya, ta nan aka zura siririyar waya har ƙasan gwiwa. Likitan ya ce da ƙyar wayar ta wuce. Balan-balan ɗin yana bugun dutsen daga ciki da wata irin girgiza har ya tsattsage, sannan a hura shi hanya ta buɗe. Jijiyoyi uku ne ke sauka ƙafa, guda suka samu buɗewa, ɗaya ta ƙi, ɗaya ba su taɓa ba. Ya ce gudar in ta tsaya a buɗe za ta iya ciyar da ƙafar.

Inna wai tana ciki tana tambayarsu ko sun kusa, tana da Azahar a kanta.

Na yi sujada. Na so in gaya wa wani a ɗakin nan. Na faɗa dai, a hankali.

Asabar, da safe

An cire ƙaramin yatsan. Dama Dakta Zahra'u ta ce wanda ya mutu ba ya dawowa. Na biyun suna sa ido.

Lahadi, da yamma

Zazzaɓi. An sa mata ƙarin ruwa da allurai. Maman Habila ba ta je coci ba. Muryarta a saƙon ta gaji ƙwarai, amma ta ce kada in damu, tsohuwar tana da ƙarfin zagin nas.

Da ina can. Da ina can.

Litinin

Ya Allah.

Laraba, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka tun jiya. Yatsa na biyu ya fara dawowa, sun ce za a bar shi. Inna ta kwana a miƙe, ƙafa a kan gado, har ta makara sallar Asuba. Maman Habila ce ta tashe ta, ta kawo mata ruwan alwala, ta juya mata kujera gabas. Ta ce ta tambayi masu shara ina gabas take tun ranar da suka isa.

An koma makaranta ranar Litinin. Ban tuna ba sai yau da na ji yara suna wucewa. Na tura wa Maman Habila saƙo, ta ce ta riga ta nemi izini, in daina lissafa mata kwanaki.

Ban san da me ake biyan irin wannan ba.

Asabar, bayan Azahar

Sun dawo.

Yaya ya so ya ɗauko ta daga mota, ta ƙi. Ta dafa kafaɗar Maman Habila, ta taka da dunduniya, daga ƙofar gida har ɗaki, tana tsayawa tana hutawa. Ta rame. Da ta zauna na durƙusa na kama ƙafar ta saman bandeji. Na daɗe a haka. Ta ce in sake ta, ba yau na fara ganin ƙafa ba. Amma ta ɗora hannu a kaina ba ta ɗauke ba.

Ta ce abincin Abuja ba gishiri ba mai, ba abin da ya cece ta sai accan da aka tafi da shi. Maman Habila ta ce a rubuta wannan a ajiye. Da za ta tafi gida, Inna ta ce, "Ɗiyata, ki kwanta ki huta, kak ki taho gobe." Na ɗaga kai don na zaci da ni take.

Litinin, da yamma

Mun kai wa Dakta Zahra'u takardun Abuja. Ta ɗora 'yar na'urar a kan ƙafar dama, muka ji ta, ƙasa-ƙasa amma tana nan. Dakta ta yi murmushi ta ce a ƙara saurara. Ta koya mini wankin ciwon da hannunta. Ta ce magungunan nan ba a fashi ko na rana ɗaya, in ba haka ba hanyar tana iya komawa ta toshe. Ba ƙunshi, ba ruwan zafi, ba yawo ba takalmi. Kullum in duba tsakanin yatsu da idona, in taɓa in ji.

Sannan ta dawo kan ta hagu. A Abuja sun yi mata hoto ita ma. Dutsen yana nan, bai kai na dama ba, amma yana tafe. Likitan can ya ce kada a jira sai ta yi ciwo.

A gaban Inna aka faɗa. Muka fito muka hau keke. Ta ce in na fita takaba ni zan raka ta, Malamar Boko ta yi nata.

Laraba, da safe

An yi ruwan farko jiya da yamma. Inna ta sa na fito mata da kujera bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin ƙasa, ƙafar a kan matashi. Na wanke ciwon yau, ya fara jan nama daga gefe, ja mai kyau. Ta ci accanta, ta sha magani ba gardama.

Na gode wa Allah da ya bar mini ita, da ƙafarta, da mutanen da ya kewaye ni da su.

Ciwon bai rufe ba tukuna. Takabata da saura. Ƙafar hagu tana nan ba a taɓa ta ba, kuma ba mu sa ranar komawa ba.